Solar haɗaka a layin shaguna: yadda ake kafa ta da inda take lalacewa

Sakataren Layi, Fagge:
Assalamu alaikum. Teloli goma a layi ɗaya suna son su ajiye janareto, su haɗa kuɗi su sa sola guda. Waɗanda suka san aikin a taimaka: daga ina ake farawa, kuma ina matsalar take ɓullowa?

Mai Haɗa Sola, Sharaɗa:
Wa alaikumus salam. Malam Sakatare, kada a je wajen mai kaya sai an ƙirga lodi shago-shago. Fanka wat 70, ƙwan fitila biyu wat 20, cajin waya wat 10, keken ɗinki mai sabon moto kamar wat 150. Shago ɗaya ya kama wat 250, goma kuwa 2,500. Aikin awa takwas zai ci yunit 20. A ranar Kano, farantin sola mai wat 550 yana ba da yunit biyu da ɗan abu a wuni, don haka faranti goma da inbata 5kVA sun wadatar.

Amma fa tsohon moton keken nan mai kuloci, wanda ke ta gurnani ko ba a taka ba, yana kai wat 400. A fara canza shi da sabo, ya fi ƙara faranti sauƙi. Dutsen guga na lantarki kuwa ya haura wat 1,000, guda uku lokaci ɗaya sun isa su kashe wa kowa wuta. A bar guga wa na gawayi.

Farantan su kalli kudu, a ɗan karkace, kamar digiri 12. Da hunturu a riƙa wanke su da sassafe, aƙalla sau biyu a mako, domin ƙura na rage wutar ƙwarai. Ba a watsa wa gilashi mai zafi ruwa da tsakar rana.

Ma'ajin Ƙungiya, Kantin Kwari:
Injiniya ya gama da ƙarfe, saura mutane, nan ne aikin yake. Kuɗin bai-ɗaya, wato kowa ya ba da daidai, shi ke fara raba kawuna: mai keke ɗaya yana kallon mai keke huɗu, wata biyu ya daina biya. A sa wa kowane shago mitarsa da birekarsa, wanda ya wuce ƙa'ida tasa ce za ta faɗi. A karɓi kuɗi kullum da yamma kamar zubin adashi, don na ƙarshen wata wuyar fita gare shi. Ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai, ku buɗe asusu da sunanta, mutum uku masu sa hannu, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Idan kuɗin sayen kaya bai cika ba, bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin Jaiz, suna da murabaha: su sayi kayan su sayar muku da ribar da aka sani, ku biya kaɗan-kaɗan.

Dattijo, Sabon Gari:
Akwai wata hanyar ma. Bayan gobarar 2016, an kawo sola kasuwarmu a 2018 ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara, REA: kamfani ke da kayan, ɗan kasuwa ya biya kuɗin wuta kawai. Ga layi ƙarami dai mallakar kai ta fi. Sai dai ku tuna yawancinku haya kuke. A rubuta yarjejeniya da mai gini, da shaidar mai unguwa ko shugaban kasuwa, cewa kayan kan rufi na ƙungiya ne, da yadda za a fanshi kason wanda ya tashi.

Hajiya Mai Ɗinki, Gwammaja:
Baba, Allah ya ƙara girma, a ƙara da wannan. In aka ce sai mai shago zai shiga, an bar masu tebur, da yaro mai cajin waya, da matan da ke ɗinki a gidajen bayan layin, alhali su ake kai wa aikin sa duwatsu da kalmasa. A raba hannun jarin ƙanana, mai rabin hannu ma ya samu mita. Kuma a sa taro bayan azahar, ba bayan isha'i ba, in ana son mata su zo.

Mai Haɗa Sola, Sharaɗa:
Hajiya, za a iya ja musu wuta, in nisan bai yi yawa ba, da waya mai kauri, siririya tana shanye wuta tana zafi. Batun batir kuma: na ruwa mai 220Ah rabinsa kawai ake ci, ana duba ruwansa duk wata, kuma zafin Afrilu a ɗaki marar iska yana gajarta masa kwana. Litiyam ya fi tsada, ya fi jurewa. Ko wanne aka saya, a ware kason canza batir daga zubin ranar farko, a asusu daban.

Sakataren Layi, Fagge:
Mun gode. Injiniya, lokacin ɗinkin sallah ana kwana ana aiki. Batir nawa zai riƙe keke goma zuwa asuba?

Mai Haɗa Sola, Sharaɗa:
Awa takwas na dare yunit 20 ne, litiyam mai yunit 5 sai guda biyar, da ƙarin faranti goma na caja su. Don sati uku a shekara, asara ce. Kada ku sayar da janareton, ku bar guda ɗaya a haɗa shi da inbata.