Fili ko hurumi? Sunan abin da ke kewaye da maganaɗisu

1/ Malamai, ku taya ni. Ina rubutu kan gwaje-gwajen da ake yi don hana fumfuna cin amfanin gona ta hanyar abin da Turawa ke kira electromagnetic field, sai kalmar ƙarshe ta cije min.

2/ An saba cewa "filin lantarki da maganaɗisu". A ajin kimiyya ba laifi. Amma a rubutun noma, da ka ce fili, gona manomi zai hango, ya ɗauka waya aka zagaye shuka da ita.

3/ Abin kuwa ba ƙasa ba ne. A 1820 Oersted, mutumin Denmak, ya lura cewa allurar kamfas tana karkacewa idan wuta ta bi ta waya kusa da ita, alhali ba su taɓa juna ba. Wato wayar tana da inda ikonta ke kaiwa, kuma yana raguwa in aka yi nisa.

4/ Shi ya sa na karkata ga "hurumi". Mukan ce "wannan ba huruminka ba ne", ma'ana ikonka bai kai nan ba. To, hurumin lantarki da maganaɗisu ke nan.

5/ Ga shi cikin jimla: ana sa iri, ko fumfuna irin su Fusarium da Botrytis, a cikin hurumin, a auna ƙarfinsa da tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), a ƙidaya mintunan da suka yi. Sakamakon dai bai zo baki ɗaya ba. Wani gwajin ya rage yaɗon fumfunar, wani ya ƙara mata kuzari, wani ko gezau. Inda aka fi samun tabbas shi ne ta zafi: igiyar maikurowef (irin wadda na'urar ɗumama abinci ke fitarwa) mai megahaz 2450 (ma'aunin saurin kaɗawarta) tana ɗumama danshin da ke cikin ƙwaya har fumfunar ta mutu, sai dai in aka zarce, irin ma ba zai tsiro ba.

6/ Wani malami ya ce hurumi yana da iyaka, wannan kuwa dushewa yake yi a hankali. Gaskiyarsa. Amma "da'ira" da ya kawo ta ɗaure abin da siffa ɗaya, "tasiri" kuma aikin ne, ba wurin ba. Ni dai na tsaya kan hurumi.

7/ Saura ita kanta "fumfuna": ta isa ta ɗauki cutar tsatsar alkama?