Shin tsatsar ƙarfe za ta iya maye gurbin iridiyam wajen raba ruwa?

ƊalibarKimiyya:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin rubuta aikin kammala digiri a kan samar da iskar haidurojin ta hanyar raba ruwa da lantarki, kuma a yawancin abin da na karanta sai na tarar ana ambaton FeOOH, wani haɗin baƙin ƙarfe da oksijin da haidurojin, a matsayin katalis mai araha, wato sinadarin da ke hanzarta aikin ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wannan sinadari yana cikin tsatsa, yana kuma cikin marmarar da muke takawa kullum. In har amfaninsa ya kai haka, me ya hana masana'antu su bar iridiyam, ƙarfe mai tsada da suke amfani da shi a matsayin katalis, su koma gare shi? Kuma a wane ɓangare na aikin yake taimakawa?

MalaminLantarki:
Wa alaikumus salam. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin amsar ta farko a kanta ta rataya. Idan aka tura lantarki cikin ruwa, ta farantai biyu, haidurojin yana fitowa a ɗaya da ake kira katod, oksijin kuma a ɗayan da ake kira anod, kuma a lissafi bolt 1.23 ya isa a yi aikin a zafin digiri 25. Sai dai ɓangaren oksijin yana da nawa ƙwarai, saboda dole a zare ilektiron huɗu sannan a haɗa ƙwayoyin oksijin biyu wuri guda, don haka sai an ƙara ƙarfin lantarki a kan wancan adadi, kuma wannan ƙarin asara ce da ke tafiya a zafi. Aikin FeOOH shi ne rage wannan asara a anod.

Game da iridiyam kuwa, ba a fage ɗaya suke ba. Ana amfani da shi ne a injunan da ke aiki cikin yanayin asid, inda FeOOH zai narke, kuma duk iridiyam ɗin da ake haƙowa a duniya bai kai tan 10 a shekara ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu. Katalis na baƙin ƙarfe irin FeOOH sai a ruwan alkali, wato kishiyar asid, irin ruwan da aka narka sinadarin KOH a ciki. Ko a can ma yana da aibi biyu. Na farko, lantarki ba ya ratsa shi da kyau. Rukunin Shannon Boettcher na Jami'ar Oregon sun nuna a 2015 cewa ba ya fara barin lantarki ya wuce sosai sai ƙarin ya kai kusan bolt 0.4, wanda ke nufin idan shimfiɗar FeOOH da aka shafa a kan anod ta yi kauri, ɗan abin da ke manne da farantin da ke ƙarƙashi ne kaɗai yake aiki, sauran kuwa shinge ne. Na biyu, idan aka ɗaga ƙarfin lantarkin, yana zagwanyewa cikin ruwan sannu a hankali. Saboda haka ɓawon tsatsa mai kauri ba zai yi miki komai ba.

TsohonInjiniya:
Malam ya yi bayani, amma ina gudun kada ɗaliba ta ɗauka baƙin ƙarfe ba shi da wani kataɓus, alhali shi ne jigon mafi ingancin katalis da aka sani a ruwan alkali, matuƙar an gauraya shi da nikel. Tun zamanin Edison masu ƙera batirin nikel suka san cewa idan baƙin ƙarfe ya gurɓata farantin nikel, batirin yana zubar da oksijin maimakon ya ɗauki caji, sai suka ɗauke shi guba. A 1987 Dennis Corrigan na ɗakin binciken General Motors ya auna abin da kyau, ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin baƙin ƙarfe yana sauƙaƙa fitar oksijin a kan nikel matuƙa. Abin da ke ɓata wa mai batiri aiki shi ne ainihin abin da mai raba ruwa yake nema.

A 2014 rukunin Oregon suka tace KOH ɗinsu suka cire duk ɓurɓushin baƙin ƙarfen da ke cikinsa, sai ga NiOOH, wato takwaran FeOOH na nikel, tsantsa ya zama katalis mai rauni. Ashe yabon da aka daɗe ana yi wa nikel, mafi yawansa na baƙon da ya shigo ta cikin ruwan ne. Nikel yana samar da gida mai barin lantarki ya wuce, ƙarfen kuma ya zauna a ciki daɗɗaya. Amma akwai iyaka, domin binciken da masana a Berkeley da Stanford suka fitar a 2015 ya nuna cewa da zarar ƙarfen ya haura kusan kashi 25 cikin 100, sai ya ware ya koma FeOOH mai zaman kansa, matsalar da Malam ya faɗa ta dawo.

ƊalibarKimiyya:
Na gode ƙwarai. Ke nan an tabbatar cewa a kan ƙwayar ƙarfen oksijin yake haɗuwa, ba a kan nikel ba? Kuma akwai inda ake amfani da FeOOH shi kaɗai ya yi kyau?

MalamaMaiBincike:
Ƙanwata, kada ki rubuta cewa an tabbatar, domin har yanzu ana jayayya: wasu sun ce ƙarfen ne wurin aikin, wasu sun ce nikel ne kuma ƙarfen yana gyara masa yanayi, wasu sun ce sai su biyun tare. A ganina hujjojin masu cewa ƙarfe ne sun fi nauyi, musamman bayan da masu bincike a ɗakin binciken Argonne na Amurka suka nuna a 2020 cewa ƙarfen da ke saman katalis yana narkewa yana sake mannewa ba fasawa, kuma aikin yana ɗorewa ne muddin akwai ɗan ƙarfe a cikin ruwan da zai cike gurbin wanda ya tafi.

Inda FeOOH ya yi suna shi kaɗai shi ne a raba ruwa da hasken rana. A nan ana shafa shi siriri ƙwarai a kan sinadarin da ke kama haske, kamar BiVO4 (haɗin bismut da banadiyam da oksijin) ko hematait (jan ma'adinin baƙin ƙarfe), kuma sirantar ce ke kawar da matsalar ratsawar lantarki. Kyoung-Shin Choi ta yi haka da BiVO4 a 2012, sannan a 2014 ta ɗora NiOOH a kan FeOOH ɗin, sakamakon ya ƙara kyau. Ki kuma lura cewa FeOOH ba siffa ɗaya ba ce: akwai alfa wato gotait, wanda ke cikin marmara kuma yake komawa hematait idan aka gasa shi, akwai beta mai riƙe kuloraid a cikin ramukansa, akwai gama, akwai kuma marar tsararriyar siffa da ake ɗorawa da lantarki, wanda galibi shi ake gwadawa. Gotait na marmara a cakuɗe yake da laka da alminiyam, ba zai ba ki awon da za ki kare a gaban malamai ba.

Idan za ki yi gwaji, ki tace KOH ɗinki ta hanyar jiƙa Ni(OH)2 a ciki ya tsotse ƙarfen, ki yi aiki da mazubin roba saboda alkali yana cin gilas, ki auna ƙarin bolt ɗin a milli'amfiya 10 kan kowace murabba'in santimita kamar yadda aka saba, sannan ki bar gwajin ya ɗauki sa'o'i domin ki ga ko shimfiɗar tana zagwanyewa.