Montaj: da wace kalmar Hausa zan rubuta shi a ƙarshen fim ɗina?

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu harkar fim da masu kishin harshe, na Yamai da Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da na ƙetaren iyaka. Taimakonku nake nema a kan kalma guda, kuma lokaci ya matse ni.

Ɗaliba ce ni a nan Yamai, ina shekarar ƙarshe a karatun sinima. Gajeren fim ɗin da zan kammala da shi a Galmi na ɗauko shi, a kan wani dattijo manomin albasa da ya zuba amfaninsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, yana jiran kuɗinta ya tashi, ita kuwa albasar tana ruɓewa a hankali. Kwana 11 muka yi muna ɗauka, muka dawo da hoto na awa 9 da ɗoriya, kuma an ce kada fim ɗin ya wuce minti 13. Yau sati biyar ke nan ina gaban kwamfuta ina neman minti 13 ɗin nan a cikin awa 9. Wannan aikin shi muke kira montaj, yadda muka ji shi a bakin malamanmu da Faransanci.

Shekaranjiya Inna ta kira ni daga Tawa. Ta ce, "Ɗiyata, ba tun tuni kuka gama ɗaukar hoton ba? To mi ya riƙe ki?" Na ce mata ina montaj ne. Ta ce, "Mi ke nan?" Wallahi sai na rasa ta cewa. Na yi ta kewaye-kewaye har katin wayarta ya ƙare, ban ba ta amsar da ta gamsar da ni ba, balle ita.

Kuma ba Inna kaɗai ba ce. Na yi wa Baba manomin alkawari cewa a ƙofar gidansa za a fara haska fim ɗin, a kan farin ƙyalle, kafin kowa ya gani a birni. Don haka sunayen ma'aikata da ke gudu a ƙarshe da Hausa nake son su fito. Ɗaukar hoto ba matsala, ɗaukar sauti ba matsala, ba da umarni ma ya zauna. Layin montaj ne ya tsaya mini a wuya.

Na san abin da da yawanku za su fara faɗa: tacewa. Haka nake gani a ƙarshen finafinan Kano, kuma ba na raina shi, su ne suka riga mu sa wa ayyukan fim sunayen Hausa. Amma ina da ja a kai, har biyu.

Na farko, kalmar ta riga ta yi miji. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano aikinta duba fim ne ta ce wannan wurin ya dace, wancan a cire. In ka ce wa mutum an tace fim, abin da zai fara zuwa masa shi ne an fitar da abin da bai kamata a gani ba. Ni kuwa ban cire komai don bai kamata ba.

Na biyun shi ne ya fi ci mini rai, ku yi haƙuri in ja shi da ɗan tsawo. Mai tace gasara ba ta ƙara komai a cikin ƙwarya. Ƙyalle take sawa, mai kyau ya wuce, dusa ta tsaya. Da haka montaj yake da aikina ya ƙare tun satin farko. Ga abin da ya faru da ni. Akwai wani hoto na daƙiƙa 6 da muka ɗauki fuskar Baba yana zaune bakin rudu, bai ce komai ba, idonsa yana kallon gefe. Na ajiye shi bayan hoton babbar mota cike da buhunan albasa tana barin gari. Ƴan ajinmu uku da suka kalla duk suka ce, "Allah sarki, ga baƙin ciki a fuskar tsohon nan, motar ta tafi ba da tasa ba." Washegari na ɗauke hoton na kai shi bayan wurin da jikarsa take kawo masa fura. Waɗanda suka kalla a ranar suka ce kallon ƙauna yake mata. Fuska guda, daƙiƙa 6 ɗin nan dai. Ni da na tsaya bayan kamara a ranar na san abin da yake kallo: akuya ce ta nufi shanyar albasa.

Malaminmu ya ce abin da na ci karo da shi tsoho ne, wani mutumin Rasha, Lef Kuleshof, ya gwada shi kimanin shekara 100 da suka wuce. Ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda ya haɗa ta da kwanon miya, da gawar yarinya a akwati, da wata mace a kishingiɗe, masu kallo suka ga yunwa, suka ga alhini, suka ga sha'awa, alhali fuskar ba ta motsa ba. Na karanta wannan a aji tun shekarar farko, amma sai da ya faru da fuskar mutumin da na ci tuwo a gidansa sannan jikina ya yi sanyi. Ashe ina iya sa wa dattijo baƙin cikin da bai yi ba, mutanen garinsu su kalla su yarda. Kalmar tacewa tana ɓoye wannan nauyin, tana nuna kamar mai aikin ƙyalle ne kawai. Ina son kalmar da za ta ce hannun wani ne ya ajiye wannan kusa da wancan, kuma shi za a tambaya.

Yankawa ma na duba. Gaskiya ana yanka, kuma asalin aikin da almakashi ne. Lokacin da Umaru Ganda, mai shirya fim ɗan Nijar, ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972, fim ziri ne mai tsawo da ake riƙewa a hannu, a ɗaga shi a haske, a yanke, a manne. Haka Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa tamu, ya yi finafinansa na zane tun shekarun 1960, hoto ɗaya bayan ɗaya, sai an tara 24 kafin a samu daƙiƙa guda a majigi. Har yau a manhajar DaVinci Resolve da nake aiki da ita alamar reza ce ake dannawa a raba hoto biyu. To amma yanka rabin aiki ne. Mahauci ma yana yanka, ba ya mayarwa.

Gyara kuma ta yi faɗi da yawa, kuma tana nuna wani abu ne ya lalace. Editin da wasu ke cewa aro ne kamar montaj, Inna ba za ta gane ko ɗaya ba.

Abin da zuciyata ta fi so shi ne ɗinki. Ƙanin mahaifina tela ne a Tawa, na tashi ina ganin yadda yake shimfiɗa yadi, ya auna, ya yanke, ya jefar da ƙyallaye, ya haɗa hannu da jiki har riga ta tsaya. Kuma gwanin tela shi ne wanda ba a ganin inda ya haɗa, kamar yadda nake kwana ina matsar da hoto ɗaya-ɗaya (25 ne a daƙiƙa a namu aikin) don kada idon mai kallo ya yi tuntuɓe a mahaɗa. Jiya hotuna 8 kacal na rage, na yanke kafin Baba ya ƙifta ido maimakon bayan ya ƙifta, wurin ya zauna daram. Na kuma shigo da ƙugin motar daƙiƙa biyu kafin a ga motar, kunne ya riga ido, sai mahaɗar ta ɓace gaba ɗaya. In wannan ba ɗinki ba ne ban san sunansa ba. Me kuka gani?

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku na daren jiya. Na gode ƙwarai, ban zaci za ku taru haka ba.

Wata Yaya da ke aiki a talabijin ta kashe mini ɗinki da magana guda. Ta ce, "Ƙanwata, in kika rubuta Ɗinki kika sa sunanki a ƙasa, kowa a Galmi zai ɗauka ke kika ɗinka rigar tsohon." Gaskiyarta. A finafinan da ake shirya tufafin ƴan wasa akwai tela na gaske, layin nasa ne. Na haƙura da shi a rubuce, amma zan ci gaba da amfani da shi in ina yi wa mutum bayani da baki.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya kare tacewa da ƙarfi, ya ce shekara da shekaru ana rubuta shi, jama'a sun saba, kuma harshe ba ya bin hujja, abin da baki ya saba yake bi. Malam, na ji ka, kuma ban ce a goge shi daga finafinanku ba. Sai dai a wannan gefen bai riga ya zauna ba, montaj muke cewa, saboda haka muna da sararin zaɓe tun da wuri. Kuma ka yarda da ni da kanka cewa in aka ce "an kai fim tacewa" sai an sake tambaya: wurin mai kwamfuta ko wurin hukuma?

Wanda ya warware mini ita bakanike ne, bai taɓa shiga ajin sinima ba. Ya ce su ma a gareji montaj suke cewa in an sauke inji an wargaza shi za a mayar, kuma in zai faɗa wa yaronsa da Hausa cewa yake yi "harhaɗa shi". Na tashi zaune da na karanta. Kalmar Faransancin ma daga can ta fito, daga ɗora abu a kan abu har ya tashi. Kuma Hausa ta riga ta yi mana aikin: haɗa sau ɗaya ne, harhaɗa kuwa gutsattsari ne masu yawa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gurbinsa. Muna cewa harhaɗa magunguna, inda in ka sauya abin da ka zuba ko yawansa magani ya zama guba. Wannan shi ne nauyin da nake nema. Haɗa fim ba zai yi ba, don mutane za su ji kamar shirya fim ɗin ne gaba ɗaya. Harhaɗa fim kuwa ba ya rikicewa da aikin kowa.

Wasu sun ce bai nuna zaɓe da zubarwa ba. Haka ne, amma wannan matakin dama sunansa daban ko a Faransanci, shi ne zaman da ake yi a kalli duk abin da aka ɗauko a ware. Wata Hajiya malamar makaranta daga Tawa ta ba shi suna, ta ce tankaɗe. Na karɓa hannu biyu, kuma ga dalilina: mai tankaɗe ba ta zubar da tsaki, gefe take ajiye shi don shi ma abinci ne. Akwai hira ta minti 20 da matar Baba a kan yadda ake gane albasar da ta fara lalacewa tun daga wari, ba ta shiga fim ɗin ba, amma ba datti ba ce. Na ajiye ta a faifai biyu, wata rana fim ce da kanta.

Haɗin farko kuma, wanda ake jera komai ba kwalliya (nawa minti 41 ya kai), Faransawa suna kiransa urs, sunan wata ƙatuwar dabbar dajin ƙasashen sanyi. Mutum biyu sun kawo ɗanyen haɗi, na ga ya yi, ba sai an tsaya jayayya ba.

Maharhaɗi da wani ya kawo don mai aikin yana da nauyi a baki, na gwada faɗarsa sau uku harshena yana sarƙewa. Mai harhaɗawa ya isa.

Da asubar yau, da wuta ta dawo kwamfutar ta huce, na buɗe shafin sunaye na rubuta Harhaɗawa, na sa sunana a ƙasa. Na kira Inna na ce mata harhaɗa fim ɗin nake yi, gutsure-gutsure muka ɗauko shi. Ta ce, "To, da haka kika ce tun farko. Allah shi ba da sa'a, ki bi shi a hankali."

Saura layi ɗaya kafin Juma'a, ranar da zan miƙa. Daidaita sauti na riga na sa wa aikin da ake yi don muryar Baba ta fito sama da iskar Galmi. Na launi ne ban samu ba, wato inda ake sa hoton da aka ɗauka da hantsi ya yi daidai da wanda aka ɗauka da la'asar, har a ga kamar zama guda ne. An kawo daidaita launi, an kawo rini. Rini yana ja na, amma ina tsoron kada ya zama kamar ɗinki, a ɗauka marina muka je. Masu aikin launi, ku kuke zaune da shi kullum, me kuke ce masa a tsakaninku?