Wa ke yanke hoto idan shiri kai-tsaye ya rikice?

'Yar Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Daren jiya muna kallon shirin kiran waya a wata tasha ta nan Sakkwato, wani ya bugo da sallama lafiya lau, can sai ya koma zagin malamin da aka gayyato. Kalma biyu munka ji, murya ta ɗauke, sai ga tallar takin zamani. Baba ya ce NEPA ce, ni ko na ce da gangan ne. Waɗanda sunka san aikin, ku raba mu gardama.

Tsohon Mai Kyamara, Mabera:
Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ki gaida Baba, ki ce mai in da wuta ce, ai tallar ma ba ta fitowa. Darakta na wani ɗaki gaban ƙananan allunan talabijin, kowane da hoton kyamara guda. Mai sauti kuwa tun da aka ce "alo" yatsansa na bisa maɓallin layin waya. Da an ce "sauke shi" ya ja ƙasa, darakta ya raɗa wa mai gabatarwa ta 'yar na'urar kunne: "tafi hutu." Talla dama a ɗane take. Manyan tashoshi na jinkirta shirin da 'yan daƙiƙu, kamar bakwai, sai a goge zagin kafin ya iso gidanku. Inda na yi aiki babu wannan na'ura, zafin nama ne kawai. Wani hawan Sallah doki ya kada yaro gaban kyamarata, ban gama salati ba darakta ya koma kan masu algaita.

Ɗan Ƙofar Rini:
Kawu, wannan darakta ya san mutunci. A 2021 ɗan ƙwallon ƙafa Christian Eriksen na Denmark ya yanke jiki ya faɗi suna wasa da Finland, kyamara ta yi ta nuna ana danna mai ƙirji, har abokiyar zamansa tana kuka. Sai da BBC ta ba da haƙuri.

Malama Arkilla:
Amma ba komai a ke yankewa ba. A 2017 Farfesa Robert Kelly na hira da BBC daga Koriya ta Kudu, 'ya'yansa biyu sunka kutso ɗakin, uwar ta biyo su a guje. An bari, duniya ta sha dariya.

'Yar Runjin Sambo:
Na gode, Kawu. Na karanta ma Baba, ya ce shi dai har yanzu bai wanke NEPA ba.