Manhajar kama lokacin ganin likita: in sa ko in haƙura?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Ina da ɗan asibitin ido a Kaduna, likitanmu ɗaya, mutane kuwa tun asuba suke cika benci. Ina tunanin sa manhajar da mutum zai zaɓi rana da lokaci ta waya. Sai dai yawancin masu zuwa tsofaffi ne. Wanda ya taɓa gwadawa ya ba ni shawara don Allah.

Sadiq Kwamfuta: Hajiya, manhajar kama lokaci ta Calendly na da tsarin kyauta, amma nau'in ganawa ɗaya kawai yake bayarwa. In kina son taki ta kanki, dubu 250 zan haɗa miki.

Baban Khalifa: Hajiya, ki ji tsoron Allah ki bar tsofaffi da katinsu. Na kama wa mahaifiyata lokaci a wani asibiti a Abuja. Sai da aka nemi imel, aka nemi kalmar sirri mai babban baƙi da lamba, sannan aka ce an turo wasu lambobi ta tes. Kafin su iso wa'adinsu ya ƙare. Da ƙyar na biya, takarda ta fito da 4/5. Muka taso daga Zariya ranar 4 ga Mayu, tsohuwa ko karyawa ba ta yi ba. Yarinyar da ke kan tebur ta ce manhajarsu wata take fara rubutawa, wato ranarmu 5 ga Afrilu ce, ta wuce. Kuɗi kuma ba a mayarwa. Muna tsaye masu kati suna ta shiga.

Ummu Sudais: Innalillahi! Allah ya ba Mama lafiya. Dubu 250 kuma? Ƙanina dubu 40 ya biya.

Sadiq Kwamfuta: Ta dubu 40 ai ita ce irin wadda ta kai Baban Khalifa Abuja.

Sista Rabi: Malam Sadiq, kai talla ka zo yi, ka bari mu da ke zama da marasa lafiya mu yi magana. Ko an ba mutum ƙarfe sha ɗaya, bakwai zai zo ya ce shi ya riga kowa.

Sadiq Kwamfuta: Sista, allura daban, manhaja daban.

Ɗan Fagge: Mai yanar ido za a ce ya zaɓi hotunan da ke da babur don a tabbatar shi mutum ne 😂

Maman Ilham: To in na bar safe ga masu kati, yamma ga masu waya fa?

Ummu Sudais: Da wace datar? Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a Janairun 2025, ta wata guda ba ta kai ni sati biyu.

Ɗan Fagge: Ki kashe bidiyon Facebook mai kunna kansa, Anti.

Baban Khalifa: Ni nawa a kashe yake, amma duk da haka zuƙewa take. Wane layi kike amfani da shi?