Wai man Neja Delta namu ne?

Mai Kabu-kabu: Jama'a na gaji. Tun da Tinubu ya cire tallafin mai a Najeriya a 2023 'yan ruwa-ruwa, masu sayar da fetur a kwalba, ke gasa mana aya a hannu a nan Maradi. Ɗazu a bakin kasuwa yaro ya tsiyaya mini kwalba, ko wuyanta bai kai ba, wai kar in yi magana. Alhali man nan namu ne! Ƙasarmu ce ruwa ya kwashe ya jibge musu a bakin teku.

Ɗalibi: Yaya, da gyara. Ƙasan Delta hawa uku ne. Can ƙasa Akata, baƙar lakar teku, a cikinta matattun ƙananan halittu suka dahu da zafi har suka zama mai. Agbada ce a tsakiya, yashi da laka bi da bi: yashin ya tsotse man kamar soso, lakar ta zama murfi. Sama kuma Benin, yashi mai ruwan sha. Kwara da Binuwai sun kai yashi, gaskiya ne, amma...

Ɗan Tsibiri: Tsaya. "Namu" su wa? Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina ya taso, ya ratsa nan, ya koma Najeriya ya faɗa Rima. Hanya kawai muka ba shi.

Bakatsine: To ai shi ke nan. Mu Katsinawan Maradi daga ina muka taso? Namu ne sau biyu.

Ɗan Tsibiri: Gudowa kuka yi, Alhaji.

Bakatsine: Ku Gobirawa da kuka bar Alkalawa fa, yawon shan iska kuka fito?

Hajiya Mai Tumatir: Wane Gulbi? Tun da aka datse shi a Jibiya, ku zo da rani ku gani, jaki ke birgima a ciki.

Ɗalibi: Don Allah a koma kan duwatsu. A Oloibiri ta Neja Delta aka fara samun mai a 1956, namu na Agadem kuwa wani kwari ne daban.

Bakatsine: Ka ji! Shi ma ya ce "namu".

Ɗan Tsibiri: Agadem a Diffa take. Bari Barebari su ji ku.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da na fahimta: ɗalibi ya yarda yashi daga arewa ya tafi, Gulbi kuma na Katsinawa ne, babu wanda ya musa. Ɗan Tsibiri ya kasa kawo hujja, na cire shi na kwana biyu. Mai Kabu-kabu, zo ka kai ni tasha.