Wane ƙwaro ne wannan mai yawo da shara a bayansa?

Manomin_Ajiwa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka. A ganyen waken da na shuka wajen dam ɗin Ajiwa na ga wani ɗan dunƙulen shara, bai fi ƙwayar dawa ba, wai yana tafiya. Na ɗaga shi da tsinke ashe ƙwaro ne a ƙasa ya lafta kaya a baya. Ga shi kuma darɓa ta fara kama waken, halan shi ke kawo ta? In yi feshi ne?

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Wa alaikumus salam Malam, kar ka taɓa fanfon feshi tukuna. Duba gaban kansa, in akwai haƙora biyu lanƙwasassu kamar lauje to wannan ma'aikacinka ne ba ko sisi, darɓar yake ci, ya soke ta ya tsotse ruwan jikinta sai ya jefa fankon a bayansa inda wasu gasu ke riƙewa, shi ya sa tururuwan da ke gadin darɓa don ruwan zaƙin da take fitarwa ba su cika gane shi ba. Uwarsa ita ce koren ƙwaron nan mai fukafukai shara-shara da ke zuwa wajen fitila da dare. Ka leƙa ganyen ma za ka iya ganin ƙwai farare, kowane a kan ɗan siririn zare. In ka fesa, shi ne zai fara mutuwa, darɓa kuwa nan da nan ta dawo.

Maman_Iman_Daura:
Yaya to na jikin bangon ɗaki fa? Nakan ga wasu masu faɗi launin ƙasa suna jan jiki, har tsoron su yara ke ji.

Ɗan_Ƙofar_Marusa:
Hajiya wancan daban ne, tsutsar wani ɗan mitsitsin malam-buɗe-littafi ce na dare, gida take saƙawa da ƙura da rairayi tana ja. Yanar gizo-gizo da gashi take ci, wani lokaci har kayan ulu. Ba ta cizo, tsintsiya ta ishe ta.

Sarkin_Zumuɗi:
Amma dai a daina ɗauka da hannu wallahi. Akwai wani mai ɗora gawar tururuwa da ƙura, a ƙasa ko jikin icce, shi baki guda gare shi mai tsini, in ya soke ka sai ka ji a jikinka.

Manomin_Ajiwa:
Na duba, biyu ne haƙoran. Allah saka da alheri. To darɓar da ta yi yawa a kunya biyun can gefe fa, ruwan sabulu zai yi ko shi ma zai kashe masu cin darɓar?